Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bakin Duna

A makon jiya na tsaya inda Baba mafarauci ya dawo da karensa Duna asibitinmu karo na biyu. Karon farko ni na duba shi, na ce ruɓewar haƙori ce, na ba da maganin mako uku. Wari da miyau mai jini-jini ne suka ruɗe ni, kuma in faɗi gaskiya, tsoron cizo ya hana ni leƙawa can ciki.

Wannan karon sai da muka yi masa allurar barci. Ogana ya ɗaga leɓen, ya haska tocila. Ga ƙari baƙi wuluk a dasashin sama, can wajen turame, ya fashe yana tsattsafar da jini. Bai ce mini uffan ba, ma'auni kawai ya miƙo mini. Santimita 4 da rabi.

Gabana ya faɗi, don na san lissafin tun muna makaranta a Zariya. Cikin sankarar bakin kare melanoma, wato irin wadda kan fito baƙa, ita ta fi yawa, kuma daga girmanta ake fara hasashe. Wadda ba ta kai santimita 2 ba mataki na ɗaya ce, kare kan yi wajen shekara ɗaya da rabi bayan tiyata. Daga 2 zuwa 4, wata 5 ko 6. In ta haura 4, ko ta kama kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi, wata 3 ake magana. In kuwa hoton ƙirji ya nuna ta isa huhu, zance ya ƙare. Inda ta fito ma abin dubawa ne: ta gaban baki ana iya yanke ta har da ƙashi, kare ya koma cin abincinsa, amma ta can ƙurya da wuya wuƙa ta iya kewaye ta.

Na lalubi wuyan Duna. Kaluluwar dama ta yi tauri, ta kai girman goro.

Oga ya yanki ɗan nama don a kai ɗakin gwaji, ya ce ni zan yi wa mai kare bayani, tunda ni na fara ganinsa.

Na tarar da Baba a kan benci, ya naɗe igiyar Duna a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata," ya ce, "zai ga farautar bana?"

Lokacin ruwa bai ɗauke ba, gero ko kai bai fitar ba. Na shiga ƙirga watanni da yatsu a ƙarƙashin hijabina, shi kuwa yana kallon bakina.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.