Makullai Biyu a Aljihu Ɗaya

Wata takwas ke nan da na sayi Toyota GR86, kuma a tsawon wannan lokaci sau huɗu kacal na fitar da tsohuwar motata, Mazda MX-5 ƙirar 1991, daga gareji. Ban san adadin ya yi ƙasa haka ba sai ranar da na buɗe littafin da nake rubuta shan mai da canjin baƙin mai a ciki, na tarar layin ƙarshe ya daɗe yana jiran na gaba.

Tun kafin sabuwar ta iso na ƙudurta cewa ba zan rabu da tsohuwar ba, kuma hujjojina ba na wasa ba ne. MX-5 ta farko, wadda aka nuna wa duniya a baje kolin motoci na Shikago a 1989 kuma aka ci gaba da ƙera ta har 1997, a shekarunta na farko ba ta kai tan ɗaya ba a nauyi, injinta mai lita 1.6 yana ba da ƙarfin doki kimanin 115, fitilunta na gaba kuwa ɓoye suke a jikin bonet har sai an kunna su sannan su ɗago kamar idanun mai farkawa daga barci. GR86 ta ninka ta ƙarfi, domin injinta mai lita 2.4 yana ba da kusan 230, ga giya shida maimakon biyar, ga birki mai kama ƙasa ba tare da roƙo ba. Amma rufinta ƙarfe ne, alhali tsohuwar da hannu ɗaya nake sauke rufinta ina zaune, iska ta cika motar. Wannan ne abu ɗaya da sabuwar ba za ta taɓa ba ni ba, kuma a kansa na rataya dukkan uzurina.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne yadda mota take lalacewa a tsaye. Fetur yana tsufa a tanki cikin 'yan watanni, batir yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, taya tana shafewa a gefen da ta daɗe tana dafe ƙasa, man birki kuma yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Robobin da ke tare mai suna bushewa idan inji bai yi zafi a kai a kai ba, kuma a fitata ta huɗu na ga ɗigon mai mai faɗin tafin hannu a inda motar ta kwana. Inshora da sabunta takardu su ma ba sa tambayar kilomita nawa aka yi.

Bakaniken da ke duba ta tun ranar da na saye ta ne ya ƙarasa ni. Ya durƙusa a gaban tayar baya, ya danna babban yatsansa a ƙasan ƙofa, fentin ya lotsa kamar takarda. Wannan sanannen ciwo ne na wannan ƙirar: ruwan da ke gangarowa daga rufin yana bin wasu ƙananan magudanai, idan suka toshe sai ya kwanta cikin ƙarfe, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Yallaɓai, ko dai ka riƙa hawanta, ko ka ba mai hawa."

Na yi ƙoƙarin fakewa da batun daraja. Gaskiya ne masu sha'awar wannan ƙirar suna nemanta, kuma kamfanin Mazda da kansa ya fara aikin sabunta ta a Japan a 2017 tare da sake ƙera wasu kayan gyaranta. Sai dai mota ce da aka ƙera da yawa, jinsinta ya cika miliyan ɗaya tun 2016, saboda haka wadda ake rububinta ita ce mai lafiyayyen jiki da cikakken tarihin gyara, ba wadda take ruɓewa a ƙarƙashin mayafi ba. Da na cire wannan hujja, abin da ya rage shi ne sabo, wanda aka ce turken wawa ne, kuma na yarda na daɗe a ɗaure.

Na yanke shawarar sayarwa, amma ba a wannan halin ba. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfen an yi walda, an buɗe magudanan, an canza bel ɗin inji tun da wa'adinsa ya kusa, kuma na ajiye hotunan aikin domin duk wanda ya zo ya ga abin da ke ƙarƙashin sabon fentin. Mutum biyu sun riga sun duba ta. Na farko farashi kawai ya tambaya. Na biyu ya nemi in nuna masa yadda ake sauke rufin, sannan ya tambayi ranar da aka canza man giya, kuma shi zan kira gobe da safe.