Maganar da na faɗa wa Baba ranar Asabar ɗin nan

Ni tela ne a Mabera, a nan Sakkwato aka haife ni duk da iyayena daga ƙasar Zuru suka zo, kuma a cikin coci na tashi. Na daɗe ina son rubuta wannan amma da na ɗauki waya sai in ajiye, saboda akwai wurin da labarin ke ci min rai har yau.

Duk ɗan garin nan ya san abin da ya faru ranar Alhamis 12 ga Mayu 2022 da aka kashe ɗalibar nan Kirista, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi, ba sai na maimaita ba. Ranar Asabar 14 ga wata gari ya hargitse, aka farfasa tagogin babban cocin Katolika na Holy Family Cathedral da ke Bello Way, gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Ni da safen nan na buɗe shago, zuciyata kamar garwashi, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Sai ga Baba maƙwabcin shagona, tsoho mai sayar da huluna da turare, shekara bakwai muna gaisawa kullum, ya leƙo yace "ɗana, rufe shagon nan ka tafi wurin iyalinka, yau ba ranar ɗinki ba ce." Ban tsaya na ji shi ba. Nace "Baba ai dama abin da kuke so kenan, ku ga bayanmu, duk halinku ɗaya." Ya dube ni ya daɗe, yace "Allah shi kyauta", ya koma kan bencinsa. Na ja ƙofa na tafi.

Wahala kam an sha ta bayan nan, ba zan rage ba. Mutanen da na shekara ina yi wa ɗinki suka dinga turo yara karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Babbar Sallah ta zo a watan Yuli, lokacin da a da sai in kwana kan keke har asuba, amma a wannan karon shaddar da aka kawo min ba ta kai yatsun hannu ba. Mai shagon ya ninka min haya dan in tashi da kaina. Na sayar da keke ɗaya cikin biyu na biya kuɗin makarantar yara, babbar ma ta dawo gida tana kuka saboda sunan da aka kira ta da shi a hanya.

To ni a lokacin duk na tattara na sa masa suna tsanani, ina jin kaina kamar wani jarumi. Ina karanta Matiyu 5:11-12 da ke cewa mu yi murna in an tsananta mana saboda Yesu, ina karanta Ayyukan Manzanni 5:41 inda manzanni suka fito bayan an yi musu bulala suna murna an ga sun isa su sha wulaƙanci saboda sunan Yesu, amma murnar nan ko ɗigo babu a raina, ɗaci ne kawai, har maman yara ta fara tsoron yi min magana. Kuma ban ƙara gaida Baba ba, sai in wuce shi kaina a ƙasa.

Wata tsohuwa ce a zumuntar mata ta cocinmu, gwauruwa, ta tsare ni bayan sujada na zazzage mata komai har da abin da na faɗa wa tsohon, ina zaton za ta ce na yi daidai. Sai tace in buɗe 1 Bitrus 4:15-16 in karanta da ƙarfi, wurin da yake cewa kada wani ya sha wuya kan laifin kansa, amma in a kan shi Kirista ne kada ya ji kunya. Tace koma baya 2:23, da aka zagi Almasihu bai rama ba. Sannan tace "ɗana, a cikin kayan nan da ka ɗauko, wanne ne na Yesu, wanne ne na bakinka?" Gaskiya ban iya amsawa ba.

A satin nan ne mai shayin layinmu ya faɗa min abin da ban sani ba. Wai da samari suka shigo layin ranar Asabar ɗin, Baba ya jawo bencinsa ya ajiye a ƙofar shagona ya zauna, yace shagon ɗansa ne, duk mai son taɓa shi ya fara ta kansa. Mutumin da na ce wa duk halinku ɗaya.

Nan ne na yi kuskure na biyu wanda ya fi na farko tsada. Kunya ta hana ni zuwa, kullum sai nace gobe, gobe, har ya tafi ƙauyensu noma da damina, can rashin lafiya ta kama shi bai dawo ba. Ta'aziyya na je, na zauna kan tabarma cikin 'ya'yansa ina hawaye suna ba ni haƙuri, ba su san me nake yi wa kuka ba. Dan Allah 'yan'uwa masu bi, in kana da wanda ka ɓata wa rai kada ka jira, kuma kada zafin abin da wasu suka yi ya sa ka yi wa kowa kuɗin goro. Sarkin Musulmi da kansa ya yi Allah wadai da kisan nan, Bishop Kukah na Katolika a Sakkwato kuma haƙuri ya yi ta kira, ni ne zafin zuciya ya toshe wa kunne.

Murnar da nake nema sai bayan na raba kayan nan biyu ta zo. Na bakina na tuba a kansa, wanda ya same ni saboda sunan Yesu kuwa sai na ji ya yi sauƙin ɗauka, na fara yi wa waɗanda suka kwashe yadinsu addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu, da farko kamar ana cire min haƙori. Tunda aiki babu, da makarantu za su koma a Satumba na ɗinka wa 'ya'yan gwauraye na coci yunifom kyauta, da dare da fitilar caji, ni da maman yara tana sa maɓalli muna waƙa, har na tuna Bulus da Sila cikin kurkukun Filibi da tsakar dare suna yabo. Aljihuna fayau amma ban taɓa jin daɗin keken nan kamar lokacin ba, Romawa 5:3-4 mai cewa shan wuya na haifar da jimiri, da nake haddacewa tun ina yaro, a ranakun nan na gane ta.

Kwastomomi wasu sun dawo wasu har yau. Ɗan Baba ne ke riƙe da shagon hulunan yanzu, ni nake masa ɗinkin Sallah ba na karɓar ko sisi, ya sha tambayata dalili. Bencin yana nan, da safe in zan buɗe shago sai na wuce ta gabansa.