Saƙon godiya bayan taron koyarwa na Zuru kan ikon masu bi a kan miyagun ruhohi

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya, masu bishara, iyayenmu mata da matasa. Taron koyarwa na kwana 3 da aka yi a nan Zuru ya tashi lafiya, kuma labari ya iso mana cewa 'yan'uwan da suka zo daga Ribah, Wasagu, Dirin Daji, Mahuta da Yawuri duk sun sauka gida lafiya. Wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki ya san wannan ma abin godiya ne, shi ya sa muka rufe zaman ƙarshe da ƙarfe 1 na rana don kada dare ya yi wa kowa a hanya.

Bayan Allah, muna fara godiya da Baba Fasto da ya buɗe mana taron da Luka 9:1 da 10:17-20. Ya nuna mana cewa ikon nan ba mu aka yi, ba namu ba ne. Dogari yana tsayar da mutum a kasuwa ne saboda sarkin da ya aiko shi, in ya tuɓe rigar ya tafi gaban kansa ba mai saurarensa. Haka ya faru da 'ya'ya 7 na wani babban firist a Afisa, a Ayyukan Manzanni 19:13-16. Sun ari sunan Yesu ba su san shi ba, mai aljanin ya far musu, suka fita a guje tsirara da raunuka. Baba, mun gode.

Da yawa sun roƙa a rubuta musu tsarin da aka koyar a rana ta biyu, to ga shi. In aka kira ku gida, kada mutum ya je shi kaɗai. Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu (Markus 6:7), amma kada ku wuce mutum 4, domin cunkoso yana firgita marar lafiya. In mace ce, dole dattijuwa ɗaya ta zumuntar mata ta kasance a ɗakin daga farko har ƙarshe. A bar ƙofa ba a kulle ba, a fitar da yara, kowa ya ajiye wayarsa. Wanda ya ɗauki bidiyon ɗan'uwansa yana birgima ya sa a Facebook ya tona masa asirin da ba zai rufu ba. Kafin addu'a sai tambaya, yadda Yesu ya tambayi uban yaron nan mai aljani tun yaushe abin ya fara (Markus 9:21). Akwai zazzaɓi? Ya bugu a kai? Kwana nawa bai yi barci ba? Tana da ciki, ko ba ta daɗe da haihuwa ba? Yana shan ƙwaya? Sa'an nan a karanta Kalma, a yi addu'a, in akwai dalili a ba da umarni cikin sunan Yesu da muryar da ake magana da ita. A majami'ar Kafarnahum abin da Yesu ya faɗa wa aljanin bai wuce ya yi shiru ya fita ba (Markus 1:25). Na Bulus a Filibi ma jimla ɗaya ce (Ayyukan Manzanni 16:18). Shawararmu, in an yi minti 30 ba canji a dakata, a ba mutumin ruwa da abinci ya huta. Da almajirai suka kasa fitar da aljanin yaron, su Yesu ya nuna wa ƙarancin addu'a (Markus 9:29), don haka in za a yi azumi masu addu'ar ne za su yi, ba marar lafiya ba.

Bugun marar lafiya, ɗauri da hayaƙin barkono ba su da aya ko ɗaya. Mai aljanun nan na kaburbura a Markus 5, mutanen gari ne suka sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinkewa. Abin da ya sa shi ya zauna sanye da tufa cikin hankalinsa maganar Yesu ce.

Godiya ta musamman ga 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya da suka bar aikinsu suka ba mu safiya guda. Matiyu 4:24 ya lissafa masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban, mu kuwa mun saba zuba su a kwando ɗaya. Sun koya mana cewa in farfaɗiya ta buge mutum a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a danne shi. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti, a yi addu'ar a hanya. Yaro mai zafin jiki da jijjiga da damina, a fara tunanin zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin zafi, a tuna da sanƙarau. Mai ciki da ta kumbura tana ciwon kai sannan ta fara jijjiga, hawan jini ne da ke iya kashe uwa da ɗa cikin sa'o'i. Taramol ma yana sa matashi ya faɗi yana kumfa. Sun tuna mana da 2010, lokacin da gubar dalma daga daka dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma jijjiga ce babbar alamar da iyaye suka riƙa gani. Wanda yake jin muryoyi ko ya daina barci yana sambatu, kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato bai rage bangaskiyar kowa ba. Kuma ba hurumin fasto ba ne ya ce wa wani ya daina shan maganin da likita ya ba shi.

Wata ɓarnar da muka daɗe a kai ita ce hira da aljani. Sau ɗaya tak muka ga Yesu ya tambayi suna, galibi hana su magana yake yi (Markus 1:34). In aka matsa wa wanda ba ya cikin hayyacinsa da tambayar wa ya turo ka, zai ambaci kishiya ko wata tsohuwa a unguwa, washegari a ce mayya ce. Shaidar da aka karɓo daga Shaiɗan, uban ƙarya (Yahaya 8:44), ba ta isa a raba gida a kanta ba.

Bayan an sami sauƙi, aikin bai ƙare ba. Matiyu 12:43-45 ya yi maganar gidan da aka share aka bar shi ba kowa, ruhun ya dawo da waɗansu 7 da suka fi shi mugunta. A haɗa mutumin da dattijo ko dattijuwa ɗaya da za ta riƙa leƙa shi kowane mako har wata 3, ana karatu tare, ya koma gona ko sana'arsa, kada a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida sai in shi ya nema. Laya da guru kuwa, a Afisa masu littattafan sihirin da kansu suka kawo suka ƙone (Ayyukan Manzanni 19:19), ba wanda ya bincike musu ɗaki. Kuɗi kuma ba a karɓa, ko da sunan kuɗin mai ko na ruwa (Matiyu 10:8).

Tambaya ɗaya ce iyayenmu ba su daidaita a kai ba, wato ko aljani yana iya zama cikin mai bi. Waɗansu sun tsaya a 1 Korintiyawa 6:19 da ta ce jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, waɗansu suka kawo matar da Yesu ya kira 'yar Ibrahim da Shaiɗan ya ɗaure shekara 18 a Luka 13:16. Mun gode da aka yi gardamar cikin ladabi, mun kuma ajiye ta don zama na gaba.

Iyayenmu na zumuntar mata, tuwon dawa da miyar kuka bai taɓa yin latti ba, sannunku da aiki. Matasan da suka ɗebo ruwa suka jera benci, mawaƙa, gidajen da suka sauki baƙi, mai unguwa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka buɗe mana rijiyarsu suka kuma haƙura da lasifikarmu, Allah ya sāka muku da alheri.

Takardun ayoyin da aka karanta suna ofishin coci, kowace ikilisiya ta aiko mutum ɗaya ya karɓi nata. An kuma tsinci Littafi Mai Tsarki ɗaya mai baƙin bango da tabarau a ciki, mai shi ya tuntuɓi sakatare.

Daga kwamitin shirya taro, Zuru, Jihar Kebbi.