Godiya ga duk wanda ya tsaya wa masu fama da wuya bayan tiyatar ƙeya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman da muka yi ranar Asabar da masu jinya da iyalansu ya kammala lafiya. Mu ma'aikatan sashen gashin ƙashi da nas-nas da muka shirya shi muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, da kuɗi ne, da mota ne, ko da lokacinsa. Da yawa daga cikin masu taimakon ba su samu halarta ba, kuma tambayarsu ɗaya ce: me ya sa mutum zai ci gaba da kuka da wuya wata shida bayan likita ya ce aiki ya yi kyau? Shi ya sa muka haɗa godiyar da bayani.

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da suka ba mu yininsu, Allah ya saka da alheri. Sun zo da ƙoƙon kai na roba, suka bar kowa ya taɓa ya ga inda aka yi masa aiki. A ƙasan ƙoƙon kai akwai kafar da laka take bi ta gangara cikin ƙashin baya. A wajen wasu mutane gindin ƙaramar ƙwaƙwalwa yana zurmawa cikin wannan kafa, milimita 5 ko fiye, ya tare wa ruwan ƙwaƙwalwa hanya. Daga nan ne ciwon kan nan yake zuwa, wanda ke sarar ƙeya idan an yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi. Wani likita ɗan Ostiriya, Hans Chiari, ya bayyana larurar a 1891, sunansa take ci har yau, ana furta shi Kiyari.

Don a buɗe wa ruwan hanya, ana kifar da mutum rub da ciki, a sunkuyar da kansa, a kame shi da ƙarfe mai ƙusa uku na tsawon awa biyu zuwa huɗu. A tsaga tsakiyar ƙeya, a ɗaye tsokoki daga jikin ƙashi, a cire ƙashi kamar santimita 3 tsawo da faɗi, a cire bayan ƙashin wuya na farko da likitoci ke kira C1. Sau da yawa har tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ake buɗewa a yi masa faci don wuri ya yalwata. Wanda ya ji wannan ba zai sake mamakin wuya ba. Kan babban mutum ya kai kilo 4 da rabi zuwa 5, wato nauyin galan ɗin ruwa mai lita 5, kuma tsokokin da aka ɗaye su ne masu riƙe shi tun asuba har dare. Fata takan haɗe cikin mako biyu, tsoka kuwa watanni take ɗauka, da tabo take warkewa, wasu ƙananan tsokokin ma ƙashin da suke manne da shi an cire shi. Ga tsoro kuma: mai jinya yana gudun juya kai, wuya ya sandare, tsokokin ciki su yi sanyi, kafaɗu su ɗauki aikin da ba nasu ba. Da la'asar sai ka gan shi ya tallafe haɓa da tafin hannu. 'Yan gida su ce tagumi yake yi, alhali kai ne ya yi masa nauyi.

Ciwon jijiya kuwa iri biyu ne, kuma rarrabe su yana da amfani ƙwarai, domin abin da za a sa rai ya bambanta. Akwai jijiyoyin da ke fitowa daga saman wuya, wajen C2 da C3, su ratsa cikin tsokar ƙeya su hau fatar kai. Idan an ja su lokacin aiki, ko tabo ya shaƙe su, ciwon yana tashi daga ƙeya kamar jan wutar lantarki, ya haura tsakar ka, wani lokaci har bayan ido. Taje gashi ya zama azaba, ƙullin ɗankwali a ƙeya ya gagara, hula ma ta dame shi. Irin wannan yana yawan lafawa, sai dai da jinkiri, don jijiyar da ta ji rauni ba ta wuce tohon kimanin milimita 1 a rana. Ɗayan kuma daga cikin laka yake. Toshewar da aka daɗe da ita takan sa ruwa ya taru a tsakiyar laka ya yi kogo. Tiyata takan hana kogon ƙaruwa, sau da yawa yana motsewa cikin watanni, amma ɓarnar da ya riga ya yi ba lallai ta koma ba. Mai wannan yana jin raɗaɗi kamar an zuba barkono a kafaɗa da hannu, kuma a daidai wurin ba ya jin zafin wuta. Mun ga tabon ƙuna a hannun mata fiye da ɗaya ranar Asabar, duk daga murfin tukunya, babu wadda ta san lokacin da ta ƙone.

Saboda haka muke roƙon iyayenmu mata masu yi wa 'ya'yansu gashi da ruwan zafi, Allah ya biya ku, amma ku riƙa gwada tsumman a cikin damtsenku tukuna. Ɗumi ake so, minti 10 zuwa 15, bayan ɗinki ya warke sarai, kuma kada a ɗora a wurin da ya mutu ba ya ji.

Abokan aikinmu na sashen gashi da suka durƙusa kan tabarma suna gyara wa kowa motsi ɗaya bayan ɗaya, mun gode. Ga abin da suka koyar, ga wanda likitan tiyatarsa ya ba shi izini, wanda galibi yakan zo wajen mako na shida. A kwanta rigingine, a sa tawul naɗaɗɗe marar kauri a ƙarƙashin kai. A ja haɓa ciki a hankali kamar mai gyaɗa kai, ba tare da ɗaga kai daga shimfiɗa ba, a riƙe sakan 5, a saki. Sau 5 zuwa 10, safe da yamma. Idan manyan jijiyoyin gaban wuya suka miƙe ɓaro-ɓaro, an yi ƙarfi da yawa, a rage. Bayan wannan ya zauna, a zauna a kujera, a ɗora tafin hannu a goshi a tura kai a kansa da rubu'in ƙarfi kawai, kai bai motsa ba, sannan gefen dama, sannan hagu. Kuskuren da muka fi gani shi ne riƙe numfashi, wanda ke ƙara matsi a cikin kai, don haka a riƙa ƙirga sakan ɗin da baki. Gajiyar da ta wuce kafin gobe war haka ba komai. Wadda ta kwana ta wuni kuwa, a rage adadin zuwa rabi. Wajen tashi daga gado a mirgina gefe, a sauke ƙafafu, a dogara da hannu, kada a fizgo kai gaba. Abin ɗaure wuyan nan mai soso yana da daɗi, mun sani, amma wanda ya mai da shi tufafi tsokarsa ƙara mutuwa take yi. Sai dai in likita ne ya ce a sa, shi ma da ƙayyadadden lokaci.

Mai harhaɗa magungunan da ta ce kowa ya juye ledarsa a kan tebur, ita ma ta cancanci godiya ta musamman. Abin da ya zubo ya isa darasi: farasitamol iri uku masu suna daban-daban, diclofenac, tiramadol na kemis, da haɗin da ba shi da ko takarda. Magungunan ciwon jiki ba sa yi wa ciwon jijiya wani abin kirki, shi ya sa mutum yake ta ƙari har ya taɓa cikinsa ko ƙodarsa. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a kuma lissafa da wanda ke ɓoye cikin maganin mura. Wanda yake shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zame masa sanadin ciwon kai. Na jijiya su ne irin su gabapentin, da akan fara da miligiram 300 da dare, ko ƙasa da haka ga tsoho da mai ciwon ƙoda, da pregabalin, da amitriptyline miligiram 10 zuwa 25 kafin barci. Likita ne ke rubuta su, shi ke ƙara su sannu a hankali. Sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, suna sa jiri da barci da farko, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Wasu sun karanta takardar amitriptyline sun ga an rubuta maganin damuwa, suka ajiye suna cewa su ba su da taɓin hankali. A wannan ɗan adadin don jijiya ake ba da shi. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa abin gudu ne ga mai wannan aiki, sai a yawaita ruwa da ganye da kayan marmari. Haɗa tiramadol da gabapentin ba da sanin likita ba yana iya danne numfashi cikin barci. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta mata. Idan kuma an kai ga allurar kashe jijiyar ƙeya, lallai mai yin allurar ya san an cire ƙashi a wurin, don babu katangar da za ta tare allura.

Malam da ya amsa tambayoyin salla, Allah ya ƙara ilimi. Akwai waɗanda suke ta dagewa da sujada kai yana sara, suna ganin zama gazawa ce. Ya tunatar da su hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsaye ba ya yi a zaune, wanda bai iya a zaune ba ya yi a kan gefensa. Mun ga fuskoki sun saki.

Wanzamai da maɗora da suka amsa gayyata, zuwanku ya yi mana daɗi, don ku ake fara kai wa kuka kafin mu. Roƙonmu bai canza ba: wanda kuka ga tabo a tsakiyar ƙeyarsa, ba ƙaho, ba tsaga, ba murɗa wuya don ya yi ƙara. A ƙarƙashin wannan tabon tsoka ce kawai da faci, sai ƙwaƙwalwa. Masu kitso su ma a sassauta hannu, a bar layin ƙeya.

Direbobin da suka kwaso mutane kyauta suna lallaɓa ramuka, mun gode. Girgizar hanya tana tayar da wuya ta kwana biyu, babur ya fi kowa laifi, don haka mai zuwa asibiti ya samu mota in da hali, ya jingina kai.

Mafi girman godiyarmu tana wajen mutanen gida. Makon farko kowa yana zuwa dubiya. Wata na huɗu, gashi ya rufe tabo, mutum yana tafiya da ƙafarsa, a nan ne ake fara cewa raki ne, ko son jiki. Mazan da suka ɗauke wa matansu ɗiban ruwa, kishiyoyi da surukan da suka karɓi daka da goyo ba gori, 'yan'uwan da suke tashi tsakar dare su gyara filo, Allah ne kaɗai zai biya ku. Ku ci gaba, don a makonni 4 zuwa 6 na farko ba a son wadda aka yi wa aikin ta ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, yaro ɗan shekara ɗaya kuwa ya ninka haka. Ruwan jarka mai lita 25 kilo 25 ne cif, gammo ba ya rage ko giram ɗaya. A ra'ayinmu ɗaukar kaya a ka a bar shi, sai ranar da likitan da ya yi aikin ya faɗa da bakinsa cewa ya halatta.

Ku ne kuma idonmu a gida. Ruwa garai-garai yana ɗiga daga ɗinki, ko kumburi mai taushi yana girma a ƙeya, ko ciwon kai da ke tsananta in an miƙe ya lafa in an kwanta, alamar ruwan ƙwaƙwalwa yana yoyo ne. Zazzaɓin da ya kai 38 tare da sanƙarewar wuya kada a tsaya ana cewa maleriya ce, a tafi asibiti a daren. Haka amai da yawan barci, gani biyu-biyu, ƙwarewa wajen haɗiya, hannu yana sakin kofi, ko fitsari yana kufcewa. Wanda kuma yake jin kansa kamar zai ɓalle daga wuya, sai ya riƙe shi da hannu biyu yake samun sauƙi, musamman mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa fiye da kima, a gaya wa likita don a ɗauki hoton wuya a sunkuye da a ɗage, a duba ko mahaɗar kai da wuya ta yi sako-sako. Irin wannan motsa jiki kaɗai ba ya gyara shi.

Waɗanda suka biya wa marasa hali kuɗin hoton MRI suka ce a sakaya sunansu, da matan da suka yi girki, da masu shara da suka tsaya har magariba, Allah ya sa a mizani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi mai ɗorewa. Za mu sanar da ranar zama na gaba ta hannun nas-nas. Mai zuwa ya taho da hotunansa na kafin aiki da na bayan aiki, da takardar sallama, da duk maganin da yake sha a cikin kwalinsa, har da na gargajiya.