Yadda nake bin dogayen labaran yaƙin sararin samaniya

Littattafan ƙagaggen labarin kimiyya da suka shafi yaƙi a sararin samaniya ba kasafai suke zuwa ɗaya tilo ba. Jeri ne, wani shida, wani tara, wani ya haura goma sha biyar. Kafin in buɗe na farko, sai na duba yadda aka jera su, domin galibi tsari biyu ne: yadda aka buga su, da yadda abubuwa suka faru a cikin labarin. A littattafan Lois McMaster Bujold, Shards of Honor ya fito a 1986, ci gabansa kai tsaye, Barrayar, sai 1991, a tsakani kuma ta fitar da Falling Free wanda ya koma baya da kusan shekara 200. A karatun farko tsarin bugu nake bi. Littafin da aka rubuta daga baya don ba da tarihin asali yakan ɗauka ka riga ka san abin da ke tafe, sai ya tona maka asiri tun kafin lokaci.

Muƙamai ma suna rikita mutum. Yawancin marubutan tsarin sojan ruwa suka ara. Kyaftin na ruwa tsaran kanar ne a sojan ƙasa, kamar yadda yake a Najeriya, amma kyaftin na dakarun da jirgin ke ɗauke da su ƙaramin hafsa ne, tsaran laftanar na ruwa. Bugu da ƙari, duk wanda ke riƙe da jirgi kyaftin ake kiransa, ko da muƙaminsa bai kai ba. Shi ya sa nake ajiye 'yar takarda a cikin littafin: suna, muƙami, jirgi, ɓangare.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafin nisa, don a nan daɗin faɗan yake. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mana daga rana. To, idan aka ce abokan gaba suna nisan minti 30 na haske, wato tazarar da haske ke ci a minti 30, abin da kwamanda ke gani a allonsa tsohon labari ne na rabin awa da ta wuce. Idan jiragensa suna gudun kashi ɗaya cikin goma na saurin haske, awa 5 za su yi kafin su kai wurin. Idan su ma can suna tahowa da irin wannan gudun, awa biyu da rabi. Karon kansa ba ya kai ƙiftawar ido, kwamfuta ce ke harbi. Aikin ɗan Adam duka yana cikin awannin jira: hasashen inda wancan zai juya, da aika umarni da wuri don ya iske jiragen gefe a kan kari. John G. Hemry, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka da ke rubutu da sunan Jack Campbell, a kan wannan ya gina jerin The Lost Fleet tun 2006. Wanda ya tsallake alƙaluman nisan, zai ga kwamanda yana zaune yana shan shayi alhali ana yaƙi, ya rasa dalili.

A sararin samaniya babu burki. Jirgi sai ya juya baya a tsakiyar hanya ya kunna inji kafin ya rage gudu, don haka mai gudu sosai ba ya iya tsayawa ya taimaki ɗan'uwansa. A labaran da ake kusantar saurin haske kuwa, agogo biyu nake riƙewa, na jirgi da na gida, don a irin wannan gudun lokacin cikin jirgi ya fi na gida tafiya a hankali. A The Forever War na 1974, Joe Haldeman, wanda ya yi yaƙin Biyetnam, ya sa sojansa ya yi 'yan shekaru a bakin daga ya dawo ya tarar ƙarnuka sun shuɗe.

Ba na karanta fiye da biyu a jere, in ba haka ba faɗace-faɗacen sai su cuɗe a kaina. Idan gajiya ta zo a littattafan tsakiya, shafukan ƙidayar makamai nake ƙetarewa. Zaman majalisa da na hafsoshi kam ba na taɓa su, don a nan ake shuka rikicin da zai fashe littafi biyu a gaba.