Abin da na faɗa wa shehun ƙauye a ƙarƙashin rakuba

Duk lokacin da wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko ta shiga karatun digiri na biyu a kan cin zarafi a cikin gida, kafin in buɗe baki sai rakubar nan, wato rumfar ciyawa ta shehun wani ƙauye, ta faɗo mini a rai, da tabarmar da na durƙusa a kai na gaida dattijo, da maganar da ta fita daga bakina ba tare da na auna ta ba. Ina ce musu su shiga, karatun ya cancanci wahalarsa. Amma ba na barin kowa ta tashi sai ta ji labarin rakubar.

Shekara bakwai na yi ina aikin walwalar jama'a a wani asibiti a Gadarif, a gabashin Sudan. Matanmu Hausawa kan zo da ido a kumbure su ce ƙofa ce, ko santsi ya kwashe su a bakin rijiya. Da sun ji an ambaci Urnik 8, takardar 'yan sanda da likita ke cikawa, sai su gyara lulluɓi su kama hanya, duk da cewa tuni Ma'aikatar Shari'a ta ba da umarnin a yi wa mai rauni magani ko babu takardar. Abin da na iya a lokacin bai wuce in kira miji, in kira waliyyi, a zauna a ba kowa haƙuri ba. A 2017 na tafi Umdurman, Jami'ar Ahfad, wadda tushenta ke komawa ga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907.

A watannin farko aka rushe mini rabin abin da nake taƙama da shi. Na koyi cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya ba a ajiye ta sahu ɗaya da wadda aka mara, domin wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai, kuma sau da yawa shaƙa ba ta barin tabo a fata. Na koyi cewa lokacin da mace ta yi niyyar fita daga gidan shi ne mafi haɗari. Na tuna matan da na zaunar gaban mazansu na ce su faɗi damuwarsu, sannan na sallame su tare, suka hau raksha ɗaya. Mun karanta dokar iyali ta 1991 da sharaɗinta na biyayya, muka ga babu wata doka ta musamman a ƙasar da ta kira dukan cikin gida da sunansa. Duk wannan na haddace, na ci jarrabawa da maki mai kyau.

Sai aka zo kan kundin bincike. Na zaɓi matan ƙauyukanmu na bakin kogin Rahad, saboda na ga kusan duk abin da aka rubuta an yi shi ne da Larabci a cikin birane, kuma tsohuwar da ba ta sake da Larabci ba ƙanwar miji ake kawo mata ta yi tafinta. Ni kuwa 'yar gida ce, Hausa na sha a nono. Malamata ta ajiye mini ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 don irin wannan bincike. A fili suke: kada a shiga gari da ainihin sunan binciken, a kira shi binciken lafiyar mata da zaman iyali, mace ɗaya tak a kowane gida, ita kaɗai za ta san abin da ake tambaya, kuma a riƙe tambayoyin wucin gadi da za a juya zuwa gare su idan wani ya shigo. Ta maimaita mini har sau biyu. Na ce na ji, Ustaza.

Bayan damina ta 2018, da hanya ta bushe ana yankan riɗi, na sauka ƙauyen dangin mahaifiyata. Baƙo ba ya shiga gidaje sai ya gaida shehun gari. Dattijo ne da ya san kakana, ya sa aka kawo mini jabana, wato gahawa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To 'yata, wane alheri ya kawo ki?"

Amsar da aka koya mini tana bakina. Amma na dubi furfurarsa na ji kamar zan yaudari ubana. Na ce, "Baba, karatu nake yi a kan matan da mazansu ke duka." Ya jinjina kai, ya sa mini albarka, ya ce abin ya daɗe yana damunsa. Na tashi ina murna, ina ganin na samu goyon bayan da baƙuwa ba za ta taɓa samu ba.

Da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi, wannan ba na shakka. Bayan sallar Magariba ya tsayar da maza a ƙofar masallaci ya ce jikar wane ta zo daga Khartum za ta rubuta labarin masu dukan iyalinsu, kowa ya ji tsoron Allah, a bar ta ta shiga. Ni ban sani ba. Kwana uku ina yawo da jakata, na shiga gida tara, kuma duk gidan da na sa ƙafa gari ya riga ya yanke masa hukunci.

Yarinyar gida na bakwai ba ta kai ashirin ba, da goyo a bayanta. Ba ta faɗa mini komai ba. Duk abin da na tambaya sai ta ce lafiya lau, Yaya, babu komai. Minti ashirin ban cika ba na fito. A daren kwana na huɗu mijinta ya karya mata hannun dama da taɓarya, yana tambayarta me ta gaya wa 'yar Khartum. Wannan ne ke hana ni barci har yanzu: ta rufa masa asiri, ta kare kanta iya yadda ta sani, shigata gidan kaɗai ta ja mata.

A bayan motar ɗaukar riɗi muka kai ta asibiti. Mahaifiyarta ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Ke da littafinki za ki koma, mu a nan za mu kwana."

Da na kira malamata ta saurare ni har ƙarshe, ta fara tambayar inda yarinyar za ta kwana da wanda zai tsaya mata, sannan ta ce binciken ya tsaya, hirarrakin tara kuma a ƙone su. Na roƙe ta a bar mini ko biyar. Ta ƙi, kuma gaskiyarta ce, domin a ƙauye mai gida ɗari ko an cire suna kowa zai gane mai maganar. Ana cikin haka zanga-zangar Disamba 2018 ta tashi, aka rufe jami'o'i. Sai 2021 na kammala, bayan na sake aikin daga tushe a ɗakin awon ciki, inda zuwan mace ba ya jawo tambaya kuma ana iya rufe ƙofa.

Ga masu shirin shiga, musamman 'yan uwana da za su koma cikin danginsu su yi bincike: zama 'yar gida shi ne ya kayar da ni. Baƙuwa da ta karanta ƙa'ida za ta bi ta don ba ta da wani abin dogaro. Ni kunya da girmama manya suka sa na ga kamar ƙa'idar ta Turawa ce, ba ta san mutanenmu ba. Ashe ta san su. Ki zauna da wata ta zama miki shehun gari, ta yi miki tambayar nan da murya mai taushi, ki maimaita amsarki har ta zauna a harshenki. Kuma ki sani cewa "lafiyar mata da zaman iyali" ba ƙarya ba ce, ni da na ɗauke ta ƙarya ga inda na kai wata. Kada ki bar takarda a gidan kowa, kada ki ajiye suna a waya. Tambayoyin shayarwa da gidan sauro su kasance a saman jakarki kullum.

Bayan da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, sannan birnin Wad Madani ya faɗi a Disambar shekarar, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, iyali uku a aji ɗaya na makaranta, labule ne kawai tsakani. Raina yana ɓaci idan na ga ma'aikata sun shigo da riguna masu rubutun yaƙi da cin zarafin mata, su nufi wata mace a gaban kowa su ja ta gefe. Nakan tare su in ba su labarin rakubar, wasu su ji, wasu su ce ai lokacin gaggawa ne.

Bara na ga yarinyar gida na bakwai a layin rigakafin yara. Hannun bai miƙe daidai ba, da hagu take saɓa yaro. Ta gane ni, ta ce sannu Yaya. Uwar mijinta na tsaye a bayanta, don haka na tambaye ta ko yaran suna kwana cikin gidan sauro, na gaya mata ranar Talata nake zama ɗakin awo. Talata uku na jira. A ta huɗu ta shigo ita kaɗai, ta tura ƙofar da ƙafa.