Yadda muka zaunar da ɗan adawa gaban iyaye kan fansho da tallafi

Ɗan siyasar da ke ɓangaren adawa ya fi kowa saurin amsa gayyata, kuma ya fi kowa wuyar kamawa a magana. Ba shi ke riƙe da baitulmali ba, don haka duk alƙawarin da ya ɗauka ba ya rage masa ko sisi. A zama na farko da na jagoranta tsakanin iyaye da wani ɗan majalisa na jam'iyyar adawa, ban gane haka ba sai washegari. Mun ba shi minti 20 na buɗe taro, ya ci 35. Muka saki makirufo ga duk wanda ya ɗaga hannu, aka yi tambayoyi bakwai cikin awa biyu, huɗu daga ciki ma jawabi ne aka liƙa wa alamar tambaya. An tafa, an ɗauki hotuna, kowa ya tafi da murna. Da na zauna rubuta abin da ya ce, na rasa jimla ko ɗaya da za a iya tuhumarsa da ita bayan shekara. Romon baka muka sha, kuma mu muka miƙa masa ludayin.

Daga nan muka sauya tsari. Kwana goma kafin taro muke karɓar tambayoyi a rubuce, mu haɗa masu kama da juna, mu tsayar da 12 don zaman minti 90. Baƙo yana da minti biyar na gabatar da kansa. Kowace tambaya minti shida ce: ɗaya na mai tambaya, biyu na amsa, sauran na bibiya, kuma wanda ya yi tambayar shi ke da ikon bibiyar. Kwana uku kafin zama muna aika wa ofishinsa batutuwan da za a taɓa, amma ba ma aika lafazin tambayoyin. In ba a aika komai ba, zai fake da cewa bai zo da alƙaluma ba. In kuma aka aika kalma da kalma, hadimansa ne za su amsa, shi karantawa kawai zai yi. Batun naɗar murya ma tun a wasiƙar gayyata ake gama shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai kuma ɗaki na gefe da mai kula da yara, domin in babu shi iyaye mata suna fara zamewa tun kafin a yi rabi, alhali tambayoyinsu ne suka fi cizo.

Fansho shi ne inda aka fi yi wa mutane dogon Turanci, saboda yawancinmu ba mu san irin tsarin da muke ciki ba. Iri biyu ne manya. Akwai wanda kuɗin da ake cira daga ma'aikatan yau shi ake biyan tsofaffin yau da shi, kamar yadda Jamus ke yi tun gyaran 1957. Akwai kuma wanda kowane ma'aikaci ke da asusunsa, ana zuba masa ana juya kuɗin har ya yi ritaya. Chile ta fara wannan a 1981, Najeriya ta ɗauke shi a 2004, sannan dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10. Tambayar da ta dace da wannan ba ta dace da wancan ba. A tsari na farko abin tambaya shi ne shekarun ritaya, da yawan masu aiki a kan kowane mai karɓa, da yadda ake ƙara kuɗin. A na biyu kuwa, ko kuɗin da aka cira yana isa asusun, nawa kamfanin da ke juya shi yake ɗauka, kuma ko ribar tana cim ma hauhawar farashi.

Wannan na rashin zubawa shi ne ya fi kama ɗan adawa, don kusan ko'ina jam'iyyar da ke adawa a tsakiya tana mulkin wata jiha ko wani birni. Dokar Najeriya, misali, ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a wata ba ga wanda ya riƙe. To maimakon a tambaye shi me zai yi in ya hau, sai a ce: ranka ya daɗe, a inda jam'iyyarku ke mulki yanzu, wata nawa ake bin bashin wannan kuɗi? Nan take maganar ke sauka daga sama, domin abin da aka riga aka yi ba a yi masa kwaskwarima da baki.

Kalmar da ba ma bari ta wuce ita ce "za mu kare fanshon tsofaffi". Karewa da me? Muna sa wani daga cikin iyaye ya yi lissafin a fili: in farashi yana tashi da kashi 20 a shekara kuma ba a ƙara fansho ba, ɗarin yau za ta sayi abin 83 baɗi, bayan shekara uku kuma abin 58. Ba a rage wa tsoho komai a takarda ba, amma an cinye masa fiye da kashi 40. Birtaniya ta sanar da wata ƙa'ida a 2010 da ke ƙara fanshon gwamnati kowace shekara da wanda ya fi girma cikin uku: hauhawar farashi, ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5. Mutum na iya cewa ƙa'idar ta yi tsada, kuma ana faɗin haka a can, amma dai ƙa'ida ce da za a iya aunawa. Irinta muke nema daga bakin baƙo: da me za a ɗaure ƙarin, duk wata nawa, kuma a doka za a rubuta ko sai ranar da minista ya ga dama?

Tambayar da ta fi kowacce tasiri a duk zaman da muka yi, wata uwa ce ta kawo ta. Ta bar aiki shekara tara tana renon yara uku, ta koma, ta tarar asusunta bai kai rabin na abokan aikin da suka fara tare ba. Ta tashi da takardar bayanin asusun a hannu, ta ninke ta huɗu, muryarta na rawa. Baƙon ya yi minti biyu cur yana yabon iyaye mata, ya kawo zancen mahaifiyarsa, aka fara tafi. Da a zaman farko ne, da shi ke nan. Amma minti uku na bibiya nata ne, kuma mun shirya tare. Ta ce masa, Honarabul, na gode, amma a Jamus ana lissafa wa uwa shekara uku na fansho a kan kowane ɗan da aka haifa daga 1992, gwamnati ce ke biya. Jam'iyyarku za ta lissafa mana shekarun reno? Shekara nawa a kan kowane yaro, kuma daga wane aljihu? Ya yi shiru, ya juya ya dubi hadiminsa, sannan ya ce gaskiya jam'iyya ba ta da matsaya a kai tukuna. Ni a wurina wannan amsar ta fi alƙawari goma daraja, don gaskiya ce, kuma ta nuna mana daidai inda za mu matsa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata iyaye su sani, ko da an samu irin wannan doka. A Birtaniya ana buƙatar shekara 35 na gudummawa don samun cikakken sabon fanshon gwamnati, kuma mai renon yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ana lissafa masa shekarun idan ya yi rajistar tallafin yara. Da aka fara karɓe tallafin daga gidaje masu babban albashi a 2013, wasu iyaye mata suka daina rajista tunda kuɗin ba zai zauna a hannunsu ba, ba su san shekarun fanshonsu suke zubarwa ba. Shi ya sa muke ƙara tambaya: haƙƙin zai zo da kansa ne, ko sai an cika takarda?

Shekarun ritaya ba ma daɗewa a kansu. Kowa ya ga abin da ya faru a Faransa a 2023 da aka ɗaga su daga 62 zuwa 64 ba tare da ƙuri'ar majalisar wakilai ba. Tambaya biyu ta isa: za ku ɗaga, kuma shekara nawa za ku ba mutane su shirya?

A ɓangaren tallafi matsalar daban ce. Mutane suna zuwa da ƙorafin gidansu: an cire sunana, an daina biyan maƙwabcina. Ƙorafin gaskiya ne, amma in aka yi shi a bainar jama'a, mai shi ya tona asirin gidansa, baƙo kuma ya samu mafita mai sauƙi, ya ce a ba hadimina lambarka. Sai muka ajiye tebur a bayan ɗaki don irin waɗannan, muka bar makirufo ga tambayar tsari. Wa ya cancanta, kuma wa ke rubuta sunaye? Wanda aka cire, ina zai kai kuka, cikin kwana nawa za a amsa masa? Akwai sharaɗi, kamar shirin Bolsa Família da Brazil ta fara a 2003, inda ake ɗaure kuɗin da zuwan yara makaranta da rigakafi, kuma galibi uwa ake ba? In akwai sharaɗi, me zai faru da yaron da babu makaranta kusa da shi? Sai wadda ƴan siyasa ba su cika tunaninta ba: in uba ya samu ɗan aiki, tallafin zai yanke gaba ɗaya ne ko a hankali? Inda yake yankewa lokaci guda, mutum na iya ƙin aiki ko ya ɓoye shi, kuma ba lalaci ba ne, lissafi ne. Tsarin tallafi na Birtaniya mai suna Universal Credit yana rage tallafin da kashi 55 cikin 100 na abin da mutum ya samu a aiki, saura ya zauna masa. Ana iya jayayya kan adadin, amma aƙalla akwai adadin.

Iyaye su ne a tsakiya, suna ɗauke da tsofaffinsu a kafaɗa ɗaya da ƴaƴansu a ɗayar, kuma kuɗin fansho da na tallafin yara daga tukunya ɗaya suke fitowa. Don haka muna ajiye tambaya guda da babu ɗan siyasar da ke sonta: in kuɗin ya isa abu ɗaya kawai a kasafin farko, wanne za ku fara? Zai ce duka biyun. A sake tambaya. Zai ce za a toshe ɓarna a samu kuɗi. A tambaye shi wace ɓarna, nawa ce. Sau uku ya isa, bayan haka mutanen ɗaki sun riga sun ji abin da suka ji.

Batun alƙiblar jam'iyya nan ne na fi yin kuskure. "Ina jam'iyyarku ta dosa?" gayyatar jawabi ce, kuma mun sha ta. Abin da ke aiki shi ne raba ra'ayin mutum da matsayin jam'iyya. Misalin da nake ba iyaye shi ne ƙa'idar Birtaniya ta 2017 da ta taƙaita wani tallafi ga yara biyu na farko. Ƴan jam'iyyar Leba da dama sun yi ta sukarta suna adawa, amma a 2023 shugabansu Keir Starmer ya ce ba za su sauya ta ba. A Yulin 2024, makonni kaɗan da hawansu mulki, aka dakatar da ƴan majalisarsu bakwai saboda sun jefa ƙuri'ar a soke ta, sai a kasafin Nuwamban 2025 gwamnatin ta sanar da cire ta. Wanda ya ji ɗan majalisa ɗaya yana suka a taro ya ɗauka jam'iyya ce ta yi magana, ya sha mamaki. Saboda haka bayan kowace amsa mai daɗi nakan tambaya: wannan naka ne ko na jam'iyya? A wane taro aka amince, yana cikin kundin manufofi? In shugabanni suka ce a jefa ƙuri'a akasin haka, ina za ka tsaya? Kafin zama kuma muna duba yadda ya jefa ƙuri'a a baya kan dokar fansho da kasafi, inda majalisa ke wallafa hakan.

Abubuwa biyu sun taɓa ɓata mana zama. Wani uba ya kawo adadi da ya gani a waya, adadin ba daidai ba ne, baƙo ya yi minti huɗu yana wargaza shi, ainihin tambayar ta bi ruwa. Tun daga ranar duk lambar da za a faɗa sai mun gan ta a takardar hukuma ko a dokar kanta. Na biyu laifina ne. Na ga yana kwana-kwana, na karɓe maganar na shiga musu da shi, nan da nan ɗakin ya koma bayansa, don mutane ba sa son ganin an tsare baƙo. Aikin mai gabatarwa agogo ne da jimla ɗaya: Hajiya, an amsa miki? In ta ce a'a, a mayar masa. Magoya bayan jam'iyya da ke cika kujerun gaba don tafi kuwa, maganinsu rajista, da zaunar da masu tambaya 12 a layin farko.

Cikin kwana biyu muke fitar da rubutaccen bayani, mu kasa amsoshin gida uku: wadda ke da adadi ko lokaci, wadda ya ce zai bincika, da wadda bai amsa ba. Muna aika wa ofishinsa, yana da mako guda ya gyara in mun yi masa ƙarin gishiri, amma ba zai sauya abin da murya ta naɗa ba. A zamanmu na ƙarshe uku ne suka shiga gidan farko, biyar na biyu, huɗu na uku. Tambayar shekarun reno tana cikin biyar ɗin, an rubuta kwanan watan da ya ce zai kawo amsa a gefenta, kuma matar da ta yi tambayar ita ce za ta sa hannu a wasiƙar tuni.